Shin art fasaha ce ko zane? Wata ɗalibata ta ƙure ni a aji

Malamar_JSS2:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku fitar da ni kunya. Shekara shida ke nan ina koyar da darasin zane a ƙaramar sakandare, kuma kullum abin da nake gaya wa yara shi ne art a Hausa ita ce fasaha. Ranar Talata wata 'yar ficiciyar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai malamin teknoloji ma ya ce darasinsa fasaha ne, kuma a rediyo ana cewa ma'aikatar kimiyya da fasaha." Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa yayarta tana ajin art a SS2, amma ko kaza ba ta iya zanawa ba. To mene ne art ɗin? Na ce ta zauna sai wani satin. Wani satin kuwa jibi ne. Daga ina Turawa suka samo kalmar nan, kuma me take nufi tun asali?

Sarkin_Zolaya:
Malama ki ce kawai yarinya ta ɗaure ki da jijiyoyin jikinki. Allah ya raya ta, wannan lauya ce.

Tsohon_Hedimasta:
Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ta yi tambayar manya. Kalmar ta shiga Turanci ne daga Faransanci wajen ƙarni na 13, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latin, inda ake cewa ars. Ma'anarta a can ita ce gwaninta, iya yin abu bisa ƙa'idarsa. Maƙeri yana da ita, likita yana da ita, mai tuƙa jirgin ruwa yana da ita. Babu ruwanta da buroshi da fenti musamman.

Maganar yayarta kuwa, a jami'o'in Turai na zamanin da akwai fannoni bakwai da suke kira arts, waɗanda ɗalibi zai bi ta cikinsu kafin ya shiga shari'a ko likitanci ko ilimin addini. Uku na harshe ne: nahawu, balaga da manɗiƙi. Huɗu na ƙirga ne: lissafi, ilimin awon fili, kiɗa da ilimin taurari. Ki duba da kyau, zane ba ya ciki, lissafi kuwa yana ciki. Daga nan digirin BA ya samo sunansa, daga nan kuma ajin art na sakandarenmu ya gaji nasa. Keɓe kalmar ga masu zane da sassaƙa abu ne na baya-baya. Sai a ƙarni na 18 Faransawa suka yayata beaux-arts, Ingilishi suka mayar da ita fine arts, har aka kafa Royal Academy a Landan a 1768.

Gudun_Lissafi_Na_Yi:
Innalillahi. Baba Hedimasta, ni da na gudu ajin art don kada in sake haɗuwa da lissafi, ashe gidansu na shiga.

Injiniya_Kakuri:
Bari in ƙara a kan abin da Baba ya ce, domin nan ne amsar yarinyar take. Girkawa suna da kalma techne, ma'anarta gwaninta ko sana'a. Da Rumawa suka zo fassara littattafan Girkawa, duk inda suka ga techne sai su sa ars. To techne ita ce ta haifi technology. Ke nan art da technology ma'ana ɗaya ce ta fito ta ƙofa biyu, ɗaya ta Rum, ɗaya ta Girka. Bahaushen da ya kira su biyun fasaha bai yi kuskure ba. Malama ki gaya mata ke da malamin teknoloji duk kuna da gaskiya.

Ko artificial da muke fassarawa da "na roba" ko "na jabu", asalinta abin da aka yi da gwanintar hannu. Shi ya sa 'yan jarida suke ce wa AI ƙirƙirarriyar basira.

Alaramma_Na_Tudun_Wada:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ita fasaha ɗin ai ba gadon kakanninmu ba ce, aro ce daga Larabci, kuma a Larabci ba ta nufin ko ɗaya daga cikin biyun. Fasaha a wurin Balarabe ita ce tsabtar harshe, magana ta fita tar babu gargada. Shi ya sa ake cewa Larabcin fusha. Mu ne muka ja ta zuwa kaifin ƙwaƙwalwa, muka ce yaro fasihi, daga baya 'yan boko suka ɗora mata injuna. Abin da Balarabe yake ce wa art shi ne fann, mu kuma da muka aro ta muka mayar da ita fanni, wato ɓangaren ilimi. Kun ga an yi musayar riguna a hanya.

Injiniya_Kakuri:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma yau idan ka ce fasihi, wa zai fara zuwa zuciyar Bahaushe? Mawaƙi. To ai mawaƙi ma artist ne a Turance.

Mai_Fenti_Sabon_Gari:
Ku bar ni in yi kukana a nan. Shekara huɗu na yi ina karanta zane a jami'a, na fito da digiri. Ranar da na je gaishe da iyayen wadda na aura, kawunta ya tambayi sana'ata, na ce ni artist ne. Ya juya ya ce wa 'yan'uwansa, "Mai fenti ne." Bai tsaya nan ba, ya ce ɗakin zaurensa yana bukatar shafe kafin Sallah. Na shafe masa kuwa, kyauta, don ina son 'yarsu. Tun daga ranar na karɓi sunan.

Abin da zan ba Malama shi ne fenti ɗin da kansa. Daga paint muka aro, ita kuma ta gangaro daga Latin pingere. Picture da pigment duk 'ya'yan ɗaki ɗaya ne da ita. Bature da kalma ɗaya yake kiran mai shafe bango da mai zana fuskar sarki, painter, don haka kawun matata bai yi nisa da gaskiya ba.

Sarkin_Zolaya:
Mai Fenti, kai da kake zane a kan canvas, ka san da me ake yin sa tun asali?

Mai_Fenti_Sabon_Gari:
Na sani, kuma na san inda za ka. Faɗa musu.

Sarkin_Zolaya:
Jama'a, canvas daga cannabis take. E, ganyen nan da NDLEA ke kamawa. Da zaren jikin itacensa Turawa suke saƙa ƙyalle mai kauri na filafilan jirgin ruwa da tanti, masu zane suka ɗauka suna ɗaurawa a katako. Takalmin nan da muke ce wa kambas, sunan ƙyallen ne ya bi shi. Duk wanda ya sa kambas yau ya san sunan da yake takawa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
A'uzubillahi. Ɗana, yanzu na saya wa jikokina guda uku na komawa makaranta.

Baƙon_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan da muka yi lakwal da Faransanci abin yana ba mu dariya, domin rabin kalmomin da kuke wahala da su namu ne aka ɗauka aka murɗe. Abin da kuke ce wa fensir mu crayon muke ce masa, ku kuma crayon a wurinku shi ne na kala da yara ke shafe-shafe da shi. Asalinta craie, wato alli. Zane kuwa dessin muke cewa, ɗan'uwan design ɗinku, wanda teloli suka mayar dizayin.

Amma wadda nake so ku duba ita ce katun. Mu ba mu cewa haka, dessin animé muke cewa. Don me ku kuke kiran abin dariyar yara da sunan da ya yi kama da katan ɗin taliya?

Tsohon_Hedimasta:
Baƙonmu, ba kama ba ce kawai, abu ɗaya ne. A Italiyanci carta takarda ce, cartone kuma babbar takarda mai kauri. Ita ce ta zama carton, katan ɗin taliyarka. Manyan masu zane na Italiya idan za su yi aiki a bango ko za a saƙa darduma mai hoto, sai su fara zana abin da cikakken girmansa a kan wannan takarda, sannan a kwafe. Wannan zanen gwaji shi ne cartoon, kuma ba abin dariya ba ne ko kaɗan. Waɗanda Raphael ya yi wa Fafaroma Leo na 10 wajen 1515, guda bakwai daga cikin goma suna nan a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan.

Yadda dariya ta shigo kuwa, majalisar dokokin Ingila ta ƙone a 1834. Da ana sake gina ta, aka sa gasar zanen da za a ƙawata bangonta, aka baje waɗannan cartoons ɗin a 1843 don jama'a su gani. Lokacin talakan Landan yana fama da yunwa. Sai mujallar barkwanci ta Punch ta buga wani zane na John Leech, ya zana mabarata da guragu da yara cikin tsumma sun shiga kallon hotunan masu kuɗi, aka rubuta a samansa Cartoon No. 1. Ba'a ce ake yi wa gwamnati: mutane na neman burodi kin ba su hoto. Sunan ya manne wa zanen ba'a na jarida, daga baya ya koma kan na talabijin.

Gudun_Lissafi_Na_Yi:
Mutane na neman burodi an ba su hoto. Baba, ka tabbata Landan ce?

Admin_Zaure:
Gudun Lissafi, ban da siyasa. Gargaɗi na farko.

Alaramma_Na_Tudun_Wada:
Wannan carta ɗin ta tuna mini wani abu. Asalinta daga Girkanci ne, sunan ganyen da ake rubutu a kai a Masar. Larabci ma yana da ita, ƙirɗas, tana cikin Suratul An'am aya ta 7. Malaman lugga na da sun ambace ta cikin kalmomin da suka shigo Larabci daga waje.

Baƙon_Damagaram:
To Malam ga na uku. Buzaye maƙwabtanmu suna da kalma kusan iri ɗaya da takarda, kuma masana harshe sun ce daga wurinsu Hausa ta karɓa, su kuma kakanninsu na arewacin Afirka suka karɓa daga carta ta Rumawa. Ka cire ta ɗin farko, wadda alamar mace ce a harshensu, ka ji abin da ya rage. Takarda ta zo mana a kan raƙumi, kati da katan da katun suka zo ta teku, ashe dangi ne suka haɗu a kasuwa ba su gane juna ba.

Malamar_JSS2:
Ikon Allah. Ina ta rubutawa. Amma 'yan gida kada ku manta tambayar yarinyar, har yanzu ban san kalma ɗaya da zan ba ta ba.

Nas_Maryama:
Malama yi haƙuri in saka nawa kafin a koma. Baƙon Damagaram ya ambaci fensir. A makarantar koyon jinya aka gaya mana pencil da penicillin tushensu ɗaya. A Latin penicillus ƙaramar wutsiya ce, sunan buroshin gashi na masu zane. Fumfunar da Fleming, wanda ya gano maganin, ya gani a 1928, idan aka duba ta a madubin likita kamar buroshi take, shi ya sa aka sa mata sunan. Wato da can pencil buroshi ne, ba wannan mai bakin gawayi ba. Kuma wai ba shi da dangantaka da pen, ita daga gashin tsuntsu take.

Ɗan_Boko_Zalla:
Nawa ya fi na kowa daɗi. Sincere daga sine cera take, wato "babu kakin zuma". Masu sassaƙa gumaka a Rum idan dutse ya tsage sai su cike da kaki su ɓoye, masu gaskiya kuma su rubuta sine cera a shagonsu. Na gani a wani bidiyo.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana, wannan tatsuniya ce, tun muna samari ake yawo da ita. Babu wani rubutun Rumawa da ya nuna an taɓa yin haka. Kalmar daga sincerus take, abu tsantsa marar gauraye. Labarin asalin kalma idan ya cika daɗi, a nemi shaidarsa tukuna. Na katun ɗin da na kawo, mujallar tana nan an adana, kowa zai iya gani.

Ɗan_Boko_Zalla:
Na janye, Baba. Amma bidiyon mutum dubu ɗari suka kalla.

Ɗan_Marina:
Ni ba boko mai zurfi na yi ba, gidanmu rini muka gada. Kakana a karofi ya tsufa, hannunsa har ya rasu shuɗi ne. Turawa masu yawon buɗe ido idan sun zo Ƙofar Mata, inda allon bakin ƙofa ya ce tun 1498 ake rini, sai ka ji suna indigo, indigo. Na tambayi wani daga cikinsu ma'anarta, ya ce a Girkanci "abin Indiya" ke nan, domin daga can ake kai musu. Na ce to mu baban rininmu a nan yake tsirowa, mu jiƙa shi da toka ya yi kwanaki a rami, ba mu taɓa jiran Indiya ba. Rawanin ɗan Kura da turkuɗi har Agadas da gaba ake kai su.

Abin da ya karya mu ma yana cikin kalma. Larabawa suna ce wa shuni nil, Turawan Fotugal suka mayar anil, daga nan aka sami aniline, sinadarin da aka fara haɗa rinin kanti da shi. Kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin inji kasuwa a 1897. Yau ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda aka bari ba.

To tambayata ga masu digiri: kakana artist ne ko ba artist ba?

Mai_Fenti_Sabon_Gari:
Ɗan Marina, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A makaranta za su ce kakanka artisan ne, ni kuma artist, alhali kalmomin biyu daga ars ɗin nan ta Baba Hedimasta suka fito. Ka ɗauki naira ashirin ka juya bayanta. Matar da ke gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, a ƙauye ta koyi ginin tukwane irin na gado. A 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya buɗe a Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja. Aka kai tukwanenta Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hannun bai canja ba, zanen kunama da ƙadangare da kifi da take yi a jikin tulu bai canja ba. Tulun yana tsakar gida ana ce mata maginiya, ya shiga cikin gilashi aka ce artist.

Sarkin_Zolaya:
Kafin wani ya tambaya, Kwali sunan garinsu ne, ba kwalin taliyar Baƙon Damagaram ba.

Magini_Bazazzagi:
Mu a Zariya ba mu rasa suna ba. Wanda ya gina masallacin Juma'a na cikin birni zamanin Sarki Abdulkarimu, Muhammadu Durugu, Babban Gwani aka kira shi, har yau akwai unguwa da sunan. Ku shiga ku ga bakan gizon da ya ɗaure da azara da ƙasa. Ni a ganina gwaninta ita ce kalmar da Malama take nema.

Kuma ko masterpiece da suke ji da ita, asalinta ta 'yan koyon sana'a ce. A ƙasashen Jamus da Holan yaro ba ya buɗe shagon kansa sai ya yi aiki guda ya kai gaban manyan sana'ar sun duba sun yarda. Wannan aikin shi ne masterpiece. Kamar rigar da yaron tela zai ɗinka kafin maigidansa ya yaye shi.

Alaramma_Na_Tudun_Wada:
Magini, a kula dai, Gwani a wurinmu na masu Alƙur'ani ne, wanda ya haddace ya rubuta da ka. Amma tunda an zo nan, mu ma muna da zayyana, adon da ake yi wa allon sauka da gefen shafi. Wani ɗalibina mai boko ya ce mini miniature ba daga ƙanƙanta ta samo asali ba, daga minium ne, jan garin dalma da marubutan Turai suke ja wa manyan haruffa a littafin hannu. Da yake hotunan cikin littafin ƙanana ne, mutane suka zaci sunan na ƙanƙanta ne. Na ce ashe su ma sun san jar tawada. Mu baƙi da baƙa, wasali da ja, hamza da rawaya.

Abu_Sumayya:
Ni dai ina tunatarwa, zanen mai rai akwai magana a kansa.

Admin_Zaure:
Malam Abu Sumayya, an gode da tunatarwa, amma asalin kalmomi ake tattaunawa. Mai neman fatawa ya je zauren fiƙihu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗan Marina ya sa na tuna bula da muke sa wa fararen kaya. Ita ma shunin ce?

Mai_Fenti_Sabon_Gari:
A'a Hajiya, wannan wani shuɗin ne, ultramarine, ma'ana "daga ƙetaren teku". Dutse ne da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, a niƙa, ya bi ta hannun fatake har Benis. Tsadarsa takan yi kafaɗa da zinariya, har mai ba da aiki yakan rubuta a yarjejeniya inda za a shafa shi. Wajen 1828 aka gano yadda ake haɗa shi a masana'anta a Faransa da Jamus, farashi ya faɗi warwas, har ya zama abin wanki. Hajiya, abin da sarakunan Turai suke awo da ma'aunin gwal kike zubarwa a kwata.

Ƙarin guda don Sarkin Zolaya: katakon nan mai ƙafa uku da nake jingina aikina, easel, daga harshen Holan ne, ezel, wato jaki.

Baƙon_Damagaram:
Mu kuma chevalet, ɗan doki. Faransa ta fi ku girmama kaya.

Malamar_JSS2:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu ina da fasaha daga Injiniya, gwaninta daga Magini, zayyana daga Alaramma, ga kuma zane-zane da ke rubuce a jadawalin makaranta. Na fi karkata ga gwaninta, sai dai idan na ce "darasin gwaninta" yara za su ce to na lissafi fa, na rashin gwaninta ne?

Injiniya_Kakuri:
Ki bar fasaha, Malama. Kalmar da rediyo ta riga ta kama ba a ƙwace ta.

Magini_Bazazzagi:
Rediyon ce ta ba ku ita, Injiniya, mu ba a tambaye mu ba.

Ɗan_Marina:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kai tsaye a kan kakana.

Gudun_Lissafi_Na_Yi:
Malama, don Allah ranar Talata ki dawo ki gaya mana abin da yarinyar ta ce. Kuma kada ki ambaci maganar kambas a aji.